Kaset ɗin katun na tsohon gidan kallo: ɗora su a YouTube ya isa ajiya?

Wani matashi daga Garwa, a arewacin Kamaru, ya turo tambaya. Mahaifinsa, wanda ya rasu, ya taɓa riƙe gidan kallon bidiyo a unguwarsu, kuma ya bar kwalaye cike da kaset ɗin VHS da faifan VCD, mafi yawansu katun ɗin da yaran unguwa ke biyan dala biyar ko goma su kalla. Yana so ya ɗora su duka a YouTube da Facebook don kada su ɓace. Yana tambaya ko hakan ya wadatar, kuma ta ina zai fara.

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Niyyarka mai kyau ce, amma amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, bai wadatar ba. YouTube da Facebook rumfar kasuwa ce, ba rumbu ba ne: wurin baje kaya ne don jama'a su gani, kuma mai kasuwar yana iya tashinka duk ranar da ya ga dama. YouTube yana da wata na'ura mai suna Content ID da ke sauraron duk abin da aka ɗora, tana gwada shi da abin da manyan kamfanoni suka yi rajista. Idan ta ji kiɗan wani fim ɗin Disney ko na Japan, sai a toshe bidiyon ko kuɗin tallarsa ya koma wa mai shi. Idan kuwa masu haƙƙin suka shigar da ƙorafi a hukumance har sau uku, tashar gaba ɗaya ake rufewa, da abin da ke da laifi da wanda ba shi da shi. Ko babu ƙorafi ma, kamfanonin nan suna mutuwa ko su yi ɓarna. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload a rana ɗaya, mutanen da suka ajiye kayansu na halal a can suka tashi a tutar babu. A 2019 Myspace ya fito ya ce waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa tsawon shekara 12 sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kafin ma mu kai ga yadda za ka yi, akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci: a cikin kwalayen nan, mene ne yake cikin haɗarin ɓacewa da gaske? Yawancin masu irin niyyarka suna ɓata watanni suna kwafar abin da ba ya buƙatar su. Babban fim ɗin Disney ba zai ɓace don kaset ɗin mahaifinka ya ruɓe ba. Kamfanin yana da asalin fim ɗin a ɗakunan sanyi, ya gyara shi sau da yawa, hotonsa ya fi na kaset ɗinka kyau nesa ba kusa ba. Abin da ba shi da mai tsaro shi ne sigar da mu muka kalla a nan: muryoyin da aka ɗora masa, waƙar buɗewa, yankan da gidan talabijin ya yi masa, har da tallar sabulu da sanarwar da suka faɗo a tsakiya lokacin da wani ya naɗe shi daga talabijin.

Bari in ba ka misali da ya faru a gaban kowa. Fim ɗin Disney na 1937 wanda masu Faransanci suka sani da Blanche-Neige an ɗora masa muryoyin Faransanci sau uku: a 1938, da 1962, da 2001. Wadda ta yi muryar jarumar a 1962, Lucie Dolène, ta kai kamfanin kotu a kan haƙƙinta lokacin da aka fara sayar da fim ɗin a kaset, ta kuma yi nasara. Bayan haka kamfanin ya sake ɗora sababbin muryoyi. Wanda ya sayi faifan yau, hoton da ya sani zai gani, amma ba muryar da ya tashi da ita zai ji ba. Waccan muryar tana kan tsofaffin kaset irin naka. To wannan a Faransa ke nan, inda akwai masu bibiya da masu ajiya. Ka auna abin da zai faru da katun ɗin da wani a Kano ko Yola ya ɗora wa muryar Hausa a ƙaramin ɗaki, ya buga faifai ɗari biyu, 'yan kasuwa suka shigo da su ta Mubi.

Yankinmu kuma mahaɗa ce ta musamman a wannan fanni. Talabijin ta fara aiki a Kamaru a 1985, a Chadi kuma a 1987, kuma katun ɗin Japan da muka gani ta hanyar Faransa suka iso mana, da muryoyin Faransanci. Yaron Njamena ko Kusuri kuwa, musamman bayan da tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshin Larabawa irin su Spacetoon da ta fara a 2000, yana iya sanin katun ɗaya da suna biyu. Ɗan ƙwallon nan da ake kira Captain Tsubasa a Japan, a Garwa Olive et Tom ne, a bakin mai kallon Larabci kuma Kaftin Majid. Daga Nijeriya kuma na Ingilishi suka riƙa shigowa. Gidajen kallo irin na mahaifinka su ne suka riƙe jama'a lokacin da manyan silimomi suka riƙa mutuwa, har uku na ƙarshe da suka rage a Kamaru, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, suka rufe a farkon 2009. Don haka kwalin da ke ɗakinku shaida ce ta abin da yaran wannan gari suka kalla, da harshen da suka kalle shi. Wannan babu wani kamfani a Amurka ko Japan da ke ajiye shi.

Saboda haka aikin farko ba na kwamfuta ba ne, na takarda da biro ne. Ka ba kowane kaset lamba, ka rubuta lambar a jikinsa da kuma a littafi. Ka kwafe duk abin da aka rubuta a kansa, ko da rubutun hannu ne na mahaifinka, ka ɗauki hoton kwalinsa gaba da baya. Sannan ka ware su kashi biyu: na kamfani da aka saya a shago, da waɗanda aka naɗa a gida daga talabijin ko aka kwafa daga wani kaset. Na biyun nan, waɗanda suka fi muni a ido, su ne za ka fara da su. Ka kuma karya ɗan harshen roba da ke gefen bayan kowane kaset idan ba a riga an karya ba, domin shi ne ke hana na'ura yin naɗi a kansa. Na ga aikin da ya lalace saboda yaro ya danna jan maɓalli.

Kada ka yi saurin cusa kaset a na'ura. Ka duba ta ƙaramar tagar roba. Idan ka ga fari-fari ko toka-toka kamar gari a kan naɗin zaren, fumfuna ce, kuma tana yawa a kaset ɗin da suka kwana a ɗaki mai yoyo da damina ko suka sha ruwan ambaliya, irin wadda ta shiga unguwannin Njamena a 2022 da Yagwa a 2024. Kaset mai fumfuna idan ka kunna shi, zai toshe kan na'urar, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka ware su a leda daban, ka bar su sai ƙarshe, kuma ranar da za ka taɓa su ka rufe hancinka, don ƙurarsu ba ta da kyau ga huhu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Waɗanda suke da tsabta, ka tura su gaba har ƙarshe sannan ka dawo da su farko sau ɗaya kafin ka kunna, don zaren da ya shekara ashirin a matse ya saki jiki. Ajiyarsu kuma a tsaye, kamar yadda ake jera littattafai, nesa da rufin kwano da lasifika. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, wanda ke haura digiri 40, yana cin manne da ke riƙe da garin maganaɗisun da hoton ke kai, ƙurar hunturu kuma tana karce shi.

Sai na'ura. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, don haka duk wadda za ka samu tsohuwa ce. Ka zagaya wurin tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin, ba sababbin masu gyaran waya ba. Idan da hali ka sayi biyu iri ɗaya, ɗaya ta zama ta cire kayan gyara. A nan akwai tarko da ya shafi yankinmu kai tsaye. Kamaru da Nijeriya tsarin launi na PAL suka bi, Chadi da Faransa kuwa SECAM. Kaset ɗin da aka naɗa a Njamena ko aka sayo daga Faris, idan ka sa shi a na'urar da PAL kaɗai ta sani, hoton zai fito baƙi da fari. Mutane da yawa sun zubar da kaset masu lafiya suna zaton launinsu ne ya mutu. Ka nemi na'urar da aka rubuta mata PAL da SECAM a gaba, wasu har da NTSC na Amurka da Japan. Ka haɗa ta da na'urar daidaita wuta, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki takan sa na'ura ta tauna zare.

Tsakanin na'urar da kwamfuta kana buƙatar ɗan akwatin ɗaukar hoto mai shiga ta USB. Masu arha da suka cika kasuwa suna aiki, amma da yawansu suna jefar da wasu hotuna ko su bar sauti ya riga hoto bayan rabin awa, don haka ka gwada da dogon kaset kafin ka amince. Idan hoton yana karkarwa ko layukansa suna lanƙwasa daga sama, akwai na'urar da ke miƙar da su, TBC ake ce mata. Tana da tsada, amma wasu tsofaffin na'urorin naɗar DVD suna yin kusan aikinta idan ka bi da wayar ta cikinsu.

Ka ɗauki hoton a yadda yake: faɗi 720, tsayi 576, hoto 25 a daƙiƙa, ba tare da ka gyara komai ba. Wannan kwafi na farko shi ne uwa, kuma ba a taɓa shi. Gidajen ajiyar fina-finai suna amfani da tsarin FFV1 a cikin fayil ɗin MKV domin ba ya zubar da komai daga hoton, sai dai yana da ci, awa ɗaya takan haura gigabait 30. Idan faifan ajiyarka ba zai ɗauka ba, ka yi wa kaset ɗin da babu irinsu wannan gatan, sauran ka yi musu MP4 mai nauyi sosai. Daga uwar ne za ka riƙa cire ƙananan kwafi na turawa a waya. Faifan VCD da DVD kuwa kada ka kunna su ka sake ɗauka, asara ce. Ka buɗe faifan a kwamfuta ka kwashe fayilolin yadda suke. A VCD suna cikin jakar da aka rubuta wa MPEGAV. Kuma ka fara da faifan da aka ƙona a kwamfuta, masu bayan shuɗi ko kore, don rininsu yana dusashewa da zafi da haske fiye da na kamfani.

Yanzu ga inda nake da tsauri, kuma na san wasu matasa ba za su ji daɗi ba. Kada ka bar manhajojin nan masu "gyara" hoto su kusanci uwar kwafinka. Katun ba kamar fim ɗin mutane ba ne, layin alƙalami ne da fenti a kan roba mai haske, an ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa zane 12 ne kacal a daƙiƙa, na talabijin ɗin Japan ma har ƙasa da haka. Manhajar share datti ba ta bambance karce da siririn layin da mai zane ya ja, sai ta goge gashin ido ko igiya ko ɗigon ruwan sama, ta bar fuska sumul kamar roba. Manyan kamfanoni ma sun yi wannan ɓarna a faifansu, masu kallo suka yi ta ƙorafi. Mai ƙara yawan hotuna zuwa 60 a daƙiƙa kuma yana ƙirƙiro zanen da babu hannun da ya taɓa yin sa, ya kashe tsalle da tsayawar da mai zanen ya lissafa da gangan. Haka yanke sama da ƙasan hoto don ya cika faffaɗan allon zamani: an zana shi ne a ma'aunin 4 da 3, a bar masa baƙaƙen gefensa. In kana son yin wasa da waɗannan manhajoji, yi a kan kwafi, ka kuma rubuta a sunan fayil ɗin cewa an taɓa shi.

Batun inda za a ajiye, ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani gari. Tarihin katun kansa ya koyar da haka. Dogon fim ɗin zane na farko da aka sani, El Apóstol, wanda Quirino Cristiani ya yi a Ajantina a 1917, ya ƙone a gobara a 1926, kuma babu kwafinsa da aka san ya rage. Wanda ya fi tsufa a cikin dogayen da suka tsira shi ne na Yarima Ahmad, wanda wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yi a 1926 da yankakkun takardu, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Asalinsa na Jamus ya salwanta. Abin da ya cece shi kwafi ne da ya yi tafiya zuwa Landan aka ajiye shi a can, daga shi aka sake gina fim ɗin. Kusa da mu kuma, ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga gidan ajiyar fina-finan Afirka da ke Wagadugu ta ɓata kaya masu yawa. Don haka faifan ajiya ɗaya a wurinka, ɗaya wurin ɗan'uwa a Ngaundere ko Marwa, ɗaya a intanet. Kada ka dogara da katin waya ko ɗan makullin USB don ajiyar shekaru, domin suna zubar da abin da ke cikinsu idan suka daɗe ba a sa musu wuta ba. Duk shekara ka kunna faifan ka buɗe wasu fayiloli, duk bayan shekara biyar ko makamancin haka ka kwashe zuwa sabo.

Na intanet ɗin, wurin da ya fi kusa da abin da kake nema shi ne Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996 a Amurka. Ba kamfanin talla ba ne, yana ajiye fayil ɗinka na asali yadda ka ɗora shi, yana kuma ba ka fili ka rubuta bayani. Amma shi ma yana cire abu idan mai haƙƙi ya nema, kuma a Oktoban 2024 masu kutse sun tsayar da shi na kwanaki. Ƙafa ɗaya ce daga cikin uku. Idan za ka tura wa wani bidiyo ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, kowane turi yana rage masa, har a wayi gari fuskoki sun zama murabba'ai.

Haƙƙin mallaka ba zan rufe ka a kansa ba. Ajiye kwafi a gida abu ne daban, baje fim ɗin wani ga duniya abu ne daban. Dokar Kamaru ta 2000 tana kare aiki har shekara 50 bayan rasuwar mai shi, kuma YouTube dokar Amurka yake bi, wadda ta fi tsawo: katun ɗin Mickey na farko da aka yi a 1928 sai 1 ga Janairun 2024 ya zama na kowa a can. To lissafa na shekarun 1980. Shawarata ita ce waɗannan ka ɗora bayaninsu, ba su kansu ba: suna, harshe, muryar wace shekara ce, daga wace tasha aka naɗa, hoton kwali. Masu neman ɓatacciyar murya ta nan suke gano cewa tana wurin wani. Abin da aka yi a yankinmu kuma, ka nemi mai shi ka yi masa magana. Sau da yawa za ka tarar shi kansa ba shi da kwafi, har ya gode maka.

Ka buɗe ido sosai a kan duk wani zanen Afirka da ka ci karo da shi. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da ya zauna a Tawa, ya fara yin katun tun tsakiyar shekarun 1960, da kwaɗinsa masu kwaikwayon shugabanni, ya rasu a 2015, amma yara nawa ne a ƙasar Hausa suka taɓa ganin aikinsa? Kamaru a 2017 ta fitar da dogon fim ɗin zane mai suna Minga, na Claye Edou. Tsakanin waɗannan akwai gajerun zane na faɗakarwa a kan rigakafi da kwalara da tsabtar ruwa da aka riƙa nunawa a talabijin, wasu da Fulatanci ko Larabcin Chadi. Idan ɗaya ya maƙale a wutsiyar wani kaset bayan fim ya ƙare, zai iya yiwuwa naka ne kaɗai ya rage. Shi ya sa nake cewa a bar kaset ya tafi har ƙarshe yayin ɗauka, ko da allo ya koma yayyafi na minti goma.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kwalin. A gidajen kallo da yawa akwai wanda ke tsayawa gefen talabijin yana fassara wa yara da Hausa ko Fulatanci, yana ƙara nasa gishirin, yana laƙaba wa jarumai sunayen da suka bi su har yau. Idan wanda ya yi wa mahaifinka wannan aiki yana raye, ka kai masa goro, ka kunna masa ɗaya daga cikin kaset ɗin, ka ɗauki muryarsa a waya yana yi kamar da. Ka tambaye shi daga ina ake sayo kaset, nawa ake biya, wanne ne yara suka fi nema. Ka ajiye wannan tare da fayil ɗin fim ɗin, da kwanan wata da sunan unguwa.

Bayan ka gama da kaset, ka leƙa wurin masu tura fina-finai a waya a kasuwa. Katun masu muryar Hausa da suka yi tashe shekara goma da suka wuce suna kan tsofaffin kwamfutocinsu, kuma suna goge su duk lokacin da wuri ya cika don su sa sababbi. Ka je da faifanka, ka biya su kuɗin turi, ka ce a ba ka fayil ɗin da ya fi nauyi, ba wanda aka matse don ƙaramar waya ba.